Nazarin lamari: matar da ta bar shan maganin HIV a gidan yari, da yadda ta koma kansa

Wannan nazari ya bi sawun wata mata mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV tun daga ranar da aka kama ta har bayan sakinta, tsawon kusan shekara biyu. Ba a ambaci sunanta ko na gidan yarin ba, kuma abin da ya same ta irin wanda ke maimaituwa ne a sassan mata na gidajen yari da dama. An lissafa lokaci da watannin da ta yi a tsare.

Kafin kamu

Shekarunta sun haura talatin kaɗan, tana da yara biyu. An gano tana da ƙwayar cutar ne a wajen awon cikin ɗanta na biyu, kimanin shekara uku kafin a kama ta. Aka ɗora ta a kan magani a lokacin, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015, cewa duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi magani ba tare da jiran sai garkuwar jikinsa ta yi ƙasa ba. Ƙwaya ɗaya take sha a rana, wadda ma'aikatan lafiya ke kira TLD, haɗin tenofobir da lamibudin da dolutegirabir. Ta haihu lafiya, ta shayar, gwajin yaron na ƙarshe ya nuna ba ya ɗauke da cutar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan uwa ba ta shan magani, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jarirai ke ɗauka a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono, magani kuwa yana mayar da adadin ƙasa da kashi 5.

Mutum ɗaya ne a danginta ya san halin da take ciki, wata yayarta. Mijinta ya rasu kafin haihuwar. Tana karɓar magani a wani asibiti mai nisa da unguwarsu, da gangan, don kada ta haɗu da idon sani. Katinta na asibiti bai nuna ta taɓa tsallake ranar karɓar magani ba.

Mako na farko zuwa na uku: caji ofis da ranar shiga

An kama ta a kan wata rigimar kuɗi. Ta kwana da dama a caji ofis, kwalbar maganinta tana gida. Ba ta nemi a kawo mata ba, saboda duk abin da zai shigo sai ɗan sanda ya buɗe ya duba, ya kuma tambayi na mene ne. Kotu ta tura ta gidan yari jiran shari'a, ba ta iya cika sharuɗɗan beli ba.

Ranar shiga an yi mata tambayoyin lafiya. An yi su ne a ofishin karɓar fursunoni, gandiroba mace tana tsaye a gefe, wasu sababbin shiga biyu suna zaune a kan benci suna jiran layi. Aka tambaye ta ko tana da wata cuta da take shan magani a kai. Ta ce babu. Aka rubuta babu.

Ƙa'idojin Bankok, waɗanda Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a watan Disamba na 2010 game da yadda za a riƙa kula da mata fursunoni, sun tanadi a duba lafiyar mace ranar shiga, a yi mata tayin gwajin HIV da yardarta tare da shawara kafin gwaji da bayansa, kuma a kiyaye sirrinta. A wannan gida an cika rabin farko na ƙa'idar, wato an yi tambaya.

Wata na ɗaya zuwa na huɗu: abin da ake faɗa a ɗaki

Mata tsiraru ne a gidajen yarin duniya, kusan kashi 7 cikin ɗari na ɗaurarru, don haka sashensu yawanci ƙaramin lungu ne da aka yanka a jikin gidan maza. Wannan ma haka yake. Ɗakuna kaɗan, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, masai na haɗin gwiwa. Kowa na ganin abin da kowa ke ci, da lokacin da ta shiga wanka, da wanda ya zo mata ziyara. Asibitin gidan yana ɓangaren maza, sai gandiroba ta raka mace kafin ta je.

A cikin makonnin farko ta saurari yadda ake maganar cutar. Ba a cika kiran sunanta ba, sai a ce waccan cutar, ko ciwon zamani. Abin da ya fi yawa a bakin matan shi ne cuta ce ta matan banza, kuma wadda ta same ta alhaki ne ya kama ta. Masu wannan magana har da waɗanda suka san sarai cewa mata da yawa a ɗakin aurensu suka ɗauka. Idan aka tambaye su hanyoyin kamuwa, yawancinsu za su lissafa daidai: jima'i ba kariya, jini, uwa zuwa jariri. Amma a aikace, kofi da cokali da bokitin wanka da bakin masai ake gudu, wasu har da sauro. Wata dattijuwa da ta daɗe a gidan, wadda take kamar shugabar ɗaki, tana da yaƙinin cewa maganin ne ke ƙarasa mutum, don ta ga wata da aka fara ba ta ƙwayoyi ta rasu bayan makonni kaɗan. Ba ta san cewa matar ta riga ta galabaita kafin a fara ba.

Wani abin lura shi ne, matan da ba za su sha ruwa a kofin wadda ake zargi ba, su ne ke yawo da reza guda ɗaya tsakaninsu don yankan farce da aske gashi, da allura guda don huda kunne. Ƙwayar HIV ba ta bin yawu ko zufa ko abinci, sauro ma ba ya ɗaukarta daga wani zuwa wani. Jini kuwa hanya ce, kuma ciwon hanta nau'in B da C sun fi ta saurin bin reza da allura. Akwai kuma abin da ba a faɗa sai a raɗa: matan da ba su da mai kawo musu sabulu da audugar mata, wasu sukan samu ta hannun mazan da ke da iko a kansu, da abin da ake biya da shi.

Akwai wata mata a sashen da kowa ya san tana da cutar, saboda wata gandiroba ta taɓa kiran ta da ƙarfi a tsakar gida ta zo ta karɓi maganinta na ƙanjamau. Tun daga ranar shimfiɗarta take bakin ƙofa, kwanonta daban, ba a ba ta aikin girki ko rabon abinci, ba a kuma yarda ta ɗauki jaririn wata. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Matar da muke bi ta yanke shawarar yin shiru har a sake ta, tana zaton shari'ar ba za ta wuce wata biyu ba. An yi ta ɗage zaman kotu.

Ita kanta tana da tata fahimtar. Ta ɗauka cewa tun da ta shekara uku tana shan magani, jikinta ya tara abin da zai riƙe ta na wani lokaci. Maganin ba ya aiki haka. Danne ƙwayar yake yi, ba ya kashe ta, kuma da an daina sha, cikin 'yan makonni take sake yawa a jini.

Wata na biyar da na shida: rashin lafiya

Tari ya fara, sai zazzaɓin yamma da zufar dare, sai rama. An ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu da maganin tari na ruwa. Da ta fara kasa tashi ɗiban ruwa aka kai ta asibitin gidan, aka ɗauki kakinta aka aika gwaji a waje. Sakamako ya nuna tarin fuka. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da HIV a duniya, ɗakin da ya cika da mutane ba iska kuma shi ne inda ya fi yaɗuwa.

Duk mai tarin fuka ana yi masa tayin gwajin HIV. A nan ne ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya gaskiya, wata biyar cur rabonta da magani. Gwajin CD4, wanda ke nuna ƙarfin garkuwar jiki, ya fito ƙasa da 200, matakin da ake lissafa cutar ta yi nisa. Aka fara mata maganin tarin fuka na wata shida, aka mayar da ita kan TLD cikin mako biyu, aka haɗa da kotirimozazol don kare ta daga wasu cututtukan da ke afka wa mai raunin garkuwa. Saboda rifamfisin na maganin tarin fuka yana rage ƙarfin dolutegirabir a jini, sai aka ƙara mata ƙwaya ɗaya ta dolutegirabir da yamma. Ma'ana sau biyu a rana za a riƙa raka ta asibiti.

Wata na shida zuwa na goma sha biyu: abin da aka fara gwadawa

Matakin farko killacewa ne. An keɓe ta a wani ƙaramin ɗaki, kuma a makonnin farko hakan daidai ne, domin mai tarin fuka yana yaɗa shi ta iska har sai magani ya kama shi. Amma da lokacin fitowa ya yi, hukumar gidan ta ga ya fi sauƙi a bar ta a can, a kuma kawo mata waccan matar ta bakin ƙofa su zauna tare. Dalilin da aka bayar shi ne kare su daga tsangwama. Abin da sauran matan suka karanta shi ne ɗakin masu ƙanjamau ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da ware fursunoni saboda HIV tun a jagororinta na 1993, amma al'adar ta daɗe ba ta mutu ba. Ko a Amurka sai a Disamban 2012 wata kotun tarayya ta haramta wa jihar Alabama yin haka. Matar da muke bi ta roƙi a mayar da ita babban ɗaki, aka mayar da ita a wata na bakwai. Ta gaya wa 'yan ɗakin tarin fuka ne kawai ke damunta, an haɗa su ne don rashin wuri. Wasu sun yarda. Tarin fuka a wurinsu ciwo ne na ƙaddara, ana warkewa, ba ya zubar da mutunci.

Mataki na biyu lacca ce. Wata ƙungiya ta zo daga waje, aka tara mata a tsakar gida, gandirobobi suna tsaye a baya, aka yi bayanin hanyoyin kamuwa da amfanin kwaroron roba, aka manna takardu a bango. Da aka ce mai tambaya ta ɗaga hannu, babu wadda ta ɗaga, don yin tambaya tamkar tona wa kai asiri ne. Da aka buɗe teburin gwaji a gefen tsakar gidan, mata ƙalilan ne suka je, su ma waɗanda suka tabbata ba su da komai. Kofi da bokiti suka ci gaba da zama abin gudu, reza ta ci gaba da yawo.

Mataki na uku an yi shi da kyakkyawar niyya. An ware wa masu shan maganin HIV ƙarin abinci, ana kiran sunayensu lokacin rabo. Matar ta ƙi karɓa tun ranar farko.

Duk wannan lokaci tana shan maganin safe, saboda tare da na tarin fuka ake ba ta, kuma tarin fukan ya zame mata mayafi. Na yamma ne take yawan tsallakewa, tun da wata ta fara tambayar wane irin tari ne ake zuwa masa asibiti sau biyu a rana. A wata na goma sha biyu ta kammala maganin tarin fuka, gwaji ya nuna ta warke. Daga nan ba ta da sauran dalilin zuwa asibiti da za ta iya faɗa wa 'yan ɗaki. Ta koma zuwa jefi-jefi, wani lokaci ta ce kanta ne ke ciwo don a raka ta.

Wata na goma sha uku: sakamakon gwaji da sauya salo

Gwajin yawan ƙwayar cuta a jini ya fito sama da 1,000 a kowace mililita, wato maganin bai danne ta ba. A ƙa'ida, idan aka ga haka sai a zauna da mutum a gano abin da ke hana shi shan magani, a sake gwaji bayan wata uku, kafin a yi tunanin ko ƙwayar ce ta daina jin maganin. Ma'aikaciyar jinyar ta yi zaman, amma ta sa gandirobar ta tsaya a wajen ƙofa. Ba ta tambaye ta ko ta san muhimmancin magani ba. Ta tambaye ta yadda ranarta take tafiya, daga tashi zuwa kulle ɗaki, da kuma a wane lokaci ne wani ke iya gane abin da take sha. Matar ta lissafa: kiran suna, rakiya, launin kwalbar, ƙarar ƙwayoyi a cikinta, jerin masu ƙarin abinci, da littafin asibiti da ake bari a buɗe a kan tebur.

Daga wannan lissafi aka ɗauki matakan da suka biyo baya, a hankali, cikin wata biyu, bayan shugabar sashen ta amince. An haɗe duk masu shan magani na dindindin a layi ɗaya da safe, masu hawan jini da ciwon suga da asma da farfaɗiya da HIV, kowa na karɓar nata a cikin ambulan iri ɗaya. Daga baya aka fara ba waɗanda aka yarda da su na mako guda su riƙe a hannunsu. Ƙarin abinci ya koma bin awon nauyi, ana ba duk wadda ta rame da masu ciki da masu shayarwa, ba tare da ambaton cuta ba. An kulle littafin asibiti. An rufe ɗakin killacewa sai ga mai sabon tarin fuka. An raba wa kowace mace rezarta, da sabulu da audugar mata duk wata.

An kuma sauya yadda ake tayin gwaji. Maimakon teburin HIV, aka sa ranar lafiyar mata, kowa na shiga ɗaki ita kaɗai, a auna mata jini, a duba bakin mahaifa, a yi mata tayin gwajin HIV idan tana so. Duba bakin mahaifar yana da nasa dalilin, domin mace mai HIV ta ninka wadda ba ta da shi kusan sau shida wajen haɗarin sankarar bakin mahaifa. Tun da kowa ke shiga, shigar ba ta nuna komai.

Mataki na ƙarshe shi ne horar da wasu daga cikin fursunonin su riƙa wayar da kan 'yan uwansu, abin da Ƙa'idojin Bankok suka ce hukumomi su ƙarfafa. Dabarar tsohuwa ce. A 1988 matan da ke ɗaure a gidan yarin Bedford Hills na jihar New York suka kafa irin wannan ƙungiya da kansu, mai suna ACE, a lokacin da babu maganin kirki, suka haɗa masu cutar da marasa ita a ciki. A nan ma an gauraya su, don kada zama mamba ya zama shaida. An sa dattijuwar nan mai cewa magani ke kashewa a cikinsu, duk da wasu ma'aikata sun ƙi, domin ita ce ake jin maganarta bayan an kulle ƙofa. Abin da ya fi girgiza ta a horon shi ne jin cewa wanda maganinsa ya danne ƙwayar har gwaji ya kasa ganin ta ba ya sa wa abokin kwanciyarsa, kuma mace mai HIV na iya haihuwar ɗa lafiyayye. Ta yi ta maimaita wannan a ɗaki. Ita ce kuma ta fara cin abinci a kwano ɗaya da matar bakin ƙofa, a gaban kowa, ba tare da ta yi jawabi ba.

Wata na goma sha shida zuwa na ashirin da biyu: sakamako da saki

Gwajin da aka yi wa matar da muke bi a wata na goma sha shida ya fito ƙasa da 1,000. Ba a sauya mata magani ba. Na gaba ya nuna ƙwayar ta yi ƙasa har na'ura ba ta iya ƙirga ta. Nauyinta ya dawo. A ranakun lafiyar mata an samu wasu da ba su san suna ɗauke da ƙwayar ba, da wata kuma da ita ma take ɓoyewa tun shigarta.

Matar da muke bi kam ba ta taɓa bayyana kanta ga 'yan ɗakin ba, ba a kuma matsa mata ba. Maganar alhaki ba ta gushe gaba ɗaya ba. An daina gudun kofi, amma idan faɗa ya kaure, har yanzu da cutar ake gori.

A wata na ashirin kotu ta sallame ta, daga harabar kotun ta wuce gida, ba ta koma gidan yari ba. Ambulan ɗin maganinta na makon yana ɗaki. Abin da ke jikinta takardar tura mara lafiya ce, wadda ma'aikaciyar jinyar ta saba rubuta wa duk mai jiran shari'a ta tafi da ita kotu. Kusan mako biyu ta yi ba magani, tana neman inda za ta zauna da yadda za ta karɓo yaranta daga wajen yayarta, sannan ta kai takardar tsohon asibitinta. Gwajin da aka yi mata bayan haka ya nuna ƙwayar a danne take.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

An yi wata bakwai ana maganin jahilci, alhali ba shi ne ciwon ba. Matar ta san cutarta fiye da masu yi mata lacca, ta kuma riga ta tabbatar cewa tana iya shan magani shekara uku ba fashi. Abin da ta rasa a gidan yari shi ne sirrin da take da shi a waje, inda take iya tafiya asibiti mai nisa. Ta auna haɗari biyu, ciwon da zai zo nan da watanni da wulaƙancin da zai fara gobe da safe a ɗakin da ba ta da ikon barinsa, ta zaɓi na nesa. Killacewa da ƙarin abinci na musamman da teburin gwaji duk sun gaza saboda kowannensu alama yake sa wa mace. Matakan da suka yi aiki cire alamar suka yi, kuma yawancinsu ba su ci kuɗin kirki ba.

Sauran matan kuwa, ra'ayinsu bai motsa da bayanin baƙo ba, sai da suka ga wadda suke girmamawa ta sa hannu a kwano. Ko da haka, tsoron kamuwa ne ya ragu, hukuncin da ake yanke wa mai cutar yana nan. Shi ya sa ban ga laifinta ba da ta ci gaba da yin shiru, kuma kuskure ne a auna nasarar irin wannan shiri da yawan matan da suka fito suka bayyana kansu.

Wurare biyu ne a wajen gidan yarin aka bari ba a gyara ba, kuma a nan ne maganinta ya yanke sau biyu: caji ofis da ƙofar kotu. Ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, sun ce a tsara kula da lafiyar fursuna yadda maganin HIV da na tarin fuka ba zai katse ba, amma asibitin gidan yari ba shi da iko a kan ɗan sanda ko magatakardar kotu. A cikin gidan yarin ma, har ranar da aka sake ta, tambayoyin lafiya na ranar shiga a ofishin karɓar fursunoni ake yin su, da benci a gefe.